Koyon Tuƙin Manyan Motoci da Kuɗin Kamfani

Jawabi ga Hakimai da Malamansu na Ƙasar Zazzau, musamman masu riƙon unguwannin da ke arewa da kogin Kaduna



Dalilin wannan jawabi wata takarda ce wadda a kan kawo ofishin Hakimi a zamanin nan. Saurayi ya kan zo da ita, ubansa ko kawunsa na biye da shi, su ce wani kamfani ya yarda zai koya wa yaron tuƙin tirela ba tare da sun biya ko kwabo ba. Abin da a ke nema kurum shi ne wani ya tsaya masa lamuni, Hakimi kuwa ya shaida an san asalinsa. Kowa na cikin murna, Malami ya buga hatimi, a yi addu'a, a watse. Takardar nan fa da Turanci ta ke, da ƙananan baƙaƙe, sau da yawa ba wanda ya karanta ta har ƙarshe. In abin ya zo da tsautsayi, bayan shekara guda ko biyu sai a ga dattijon ya komo zaure hankali a tashe, ana neman a sayar da gonarsa. Sabo da haka ya kamata Hakimai da Malamansu su san abin da ke cikin irin wannan ciniki tun kafin a buga hatimi.

Kaduna gari ne na kan hanya tun asalinsa. Cikin 1917 aka maido hedkwatar Arewa nan daga Zungeru, sa'an nan kuwa jirgin ƙasa ya riga ya isa Kano tun 1911. Shekaru da yawa jirgi shi ke ɗaukar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku, aikin mota bai wuce ta tattaro kaya daga ƙauyuka ta kawo tasha ba. Da jirgi ya yi rauni sai nauyin ya komo bisa titi. Yau kayan da suka taso daga Ikko, watau Legas, za su Kano ko Katsina ko Maraɗi, galibinsu ta nan su ke ratsawa. Su bi titin Nnamdi Azikiwe ta yamma da gari, su fito Mando, su wuce Kawo inda aka buɗe sabuwar gada cikin 2022, su miƙe hanyar Zariya. Wanda ya tsaya Mararrabar Jos da almuru ya ga tireloli da tankoki jere gefen titi, ya san wannan sana'a ba ƙarama ba ce. Yaran Kawo da Hayin Banki da Unguwar Dosa da Badarawa da ita su ke buɗe ido, ba abin mamaki ba ne in ta shiga ransu.

A da hanyar koyo guda ce. Uba ya kai ɗansa wurin direban da ya amince da shi, ya ce ga amana. Yaro ya zama karen mota. Shi ke wanke mota, shi ke duba ruwa da baƙin mai, shi ke ɗaure tamfol, shi ke dirowa ya sa weji in an tsaya a gangare, shi ke kwana ƙarƙashin mota yana gadin kaya. Sai ya daɗe kafin maigida ya bar shi ya juya mota cikin tasha, ya ƙara daɗewa kafin a ba shi sitiyari a hanyar da ba kowa. Ba takarda, ba bashi, da jikinsa ya ke biya. Wannan hanya ta fid da gwanaye waɗanda da jin kukan inji su ke gane ciwonsa, kada a raina ta. Amma tana da aibi biyu. Na ɗaya, ba ta da wa'adi, in yaro ya gamu da maigida mai rowar ilmi sai ya tsufa yana wanke mota. Na biyu, abin da maigida ya sani shi kaɗai yaro zai sani, in maigida bai iya karanta alamun hanya ba, ko kuwa yana shan ƙwaya don ya kore barci, to, har wannan za a gada.

Abin da ya sauya al'amari shi ne doka da tsadar mota. Cikin Fabrairu 1988 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda a ke kira FRSC, aka sake ƙarfafa ta da doka cikin 2007. Lasin tuƙi aji-aji ne, na tirela da tanka shi ne ajin G, ba a ba da lasin tuƙin haya sai ga wanda ya cika shekara 26. Sabon mai neman lasin kuwa lalle ne ya bi ta makarantar tuƙi wadda Hukumar ta amince da ita, sa'an nan a gwada shi. Ko wane mai sufuri da ya mallaki mota biyar ko fiye, wajibi ne ya yi rajista da Hukumar, ya ajiye jami'i mai lura da lafiyar motoci da horon direbobi. Ran 1 ga Fabrairu 2017, shekara ɗari bayan kafa garin nan hedkwata, aka soma kama motocin haya waɗanda ba su da na'urar ƙayyade gudu. Iyakar gudun tirela da tanka kilomita 45 ne a sa'a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanyoyi. Mai dukiyar da ya zuba miliyoyi ya sayi mota ba ya son ya miƙa ta ga wanda bai san horonsa ba, shi ya sa manyan kamfanoni suka ga gara su koyar da direbobinsu da kansu.

Misalin da ya fi shahara a ƙasar nan na kamfanin Dangote ne. Cikin 2012 kamfanin ya yi shelar neman masu digiri su zo a koya musu tuƙin tirela, da haɗin kan makarantar koyon aikin sufuri ta NITT da ke hanyar Basawa a Zariya, wadda aka kafa cikin 1986. Alhaji Aliko Dangote ya faɗa a shekarar cewa takardu 13,000 suka samu, cikinsu har da masu digirin dakta 6, da masu digiri na biyu 704, da masu digiri na farko 8,460. Ya ce bayan albashi da kuɗin hanya, direban da ya cika kilomita 300,000, watau wajen zuwa da komowa 140 tsakanin Ikko da Kano, motar za ta zama tasa. Jama'a sun yi ta mamakin masu digiri na neman tuƙi. Abin da ya fi cancanta a lura da shi shi ne an faɗi sharaɗin da lamba, yadda direba zai iya duba agogon motarsa ya san saura nawa. Kamfanin yana da makarantar tuƙin tirela a Obajana ta Jihar Kogi. Akwai kuma ƙananan masu sufuri da yawa da su ke kwaikwayon wannan tsari, waɗansu da gaskiya, waɗansu kuwa sunan kawai suka ara.

Wa ke biyan me

In an ce kyauta ne, sai a tambaya wace irin kyauta. Kamfani yana kashe kuɗi da gaske, ba a musun wannan. Akwai ladan malamin tuƙi, da man gas da a ke ƙonawa wajen koyo, da taya da kuloci da ɗan koyo ke cinyewa, da motar da aka cire daga aiki ba ta kawo kome, da gwajin ido da na jini, da kuɗin lasin. Amma shi ma yaron yana da nasa hasarar da ba a rubutawa. Watannin da ya yi yana koyo, in da yana da sana'a ya bar ta, in yana da iyali wani ke ci da su, sau da yawa kuwa abinci da makwanci da kuɗin motar zuwa makaranta daga aljihun ubansa su ke fita.

Har wa yau akwai abin da iyaye ba su sani ba. Tun 1971 Gwamnati ta kafa Asusun Horon Ma'aikata, ITF, mai hedkwata a Jos da ofishi a Kaduna. Kamfani ya kan zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashin da ya biya a shekara. Gyaran doka na 2011 ya ɗora wannan bisa mai ma'aikata biyar ko fiye, na 2023 ya mai da shi 25 ko fiye. In kamfani ya horar da ma'aikatansa yadda Asusun ya gamsu, yana iya neman a maido masa har rabin abin da ya zuba. Ashe ke nan babban kamfani da ya koyar da direba ba sadaka ya yi ba, jari ya zuba don amfanin kansa, wataƙila ma an rage masa wani abu daga ciki. Ba laifi ba ne, ciniki ne. Amma uban da ya san haka ba zai ji kunyar yin tambaya ba.

Takardar ɗauri

Tun da ya ke kamfani na tsoron ya koyar da yaro wani ya ɗauke shi, sai ya sa shi ya rattaba hannu cewa zai yi masa aiki shekara kaza, in ya fita kafin nan ya biya kuɗi kaza. Dokar ƙasa ba ta hana wannan ba. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya danƙa wa shari'un ƙwadago, tana da zama a Kaduna, ta kuwa yi hukunci a kan irin wannan. Cikin 2015, a shari'ar kamfanin jiragen sama na Overland Airways da wani matuƙinsa, ta tabbatar da cewa takardar ɗauri tana ci, muddin sharuɗɗanta na adalci ne, ba su wuce kima ba. Matuƙin jirgi da direban tirela a nan hukuncinsu ɗaya.

To, mene ne adalci? Na farko kuɗin da aka rubuta ya zama shi ne abin da aka kashe da gaske, ba wata tara da aka ƙirƙira don a tsorata yaro ba. Sa'an nan bashin ya riƙa raguwa da yawan aikin da aka yi. A ɗauka, don misali kawai, an kashe naira 600,000 wajen koyo, an ɗaure yaro wata 24. Ko wane wata da ya yi aiki ya sauke 25,000 ke nan. In ya fita bayan wata 18, abin da ya saura a kansa 150,000 ne. Takardar da ta ce ko da kwana ɗaya ya rage sai ya biya 600,000 cif, Malami ya ja layi ƙarƙashin wannan wuri ya nuna wa Hakimi. Sai kuma a duba abin da takarda ta ce in kamfanin ne ya sallami yaron, ko ya rasa motar da zai ba shi, ko ciwo ya kwantar da shi. Mai hankali ba ya yarda a ce mutum ya biya kuɗin fita alhali kuwa korarsa aka yi ba da laifi ba. Malamai sun san a fiƙihu ijara ba ta inganta sai an san ajali an san lada, ba a kuma ƙara riba bisa bashi. Wannan ma'auni ya isa a auna takardar da shi.

Dokar Ƙwadago ta 1974 ta sa waɗansu iyakoki da ya kamata ko wane Malami ya rubuta a bangon littafinsa. Kafin ma'aikaci ya wuce wata uku da kama aiki, wajibi ne a ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Jimlar abin da za a yanke daga albashinsa a wata kada ta wuce sulusi, watau mai albashin 90,000 ba a yanke masa fiye da 30,000. Ba a cin ma'aikaci tara, in kuwa sakacinsa ya jawo hasara, ba a yanke masa sai da iznin jami'in ƙwadago a rubuce. Wanda zai bar aiki yana ba da sanarwar mako guda in aikinsa ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda daga biyar zuwa sama. In takardar ta almajirancin sana'a ce, ba ta wuce shekara biyar, kuma sai jami'in ƙwadago ya shaida ta. Tsarin mulki na 1999 ya haramta aikin tilas, sabo da haka iyakar abin da kamfani zai yi wa wanda ya karya alkawari shi ne ya nemi kuɗinsa a kotu. Riƙe wa yaro takardun makarantarsa na asali ko lasinsa a matsayin jingina al'ada ce da Hakimai ya kamata su ƙi, gama wanda aka riƙe wa lasin ba shi da hanyar neman abin da zai biya bashin.

Haka nan doka ta hana a sa wa mutum sharaɗin kada ya shiga ƙungiyar ma'aikata. A kan wannan batu ne ƙungiyar NUPENG ta yi yajin aiki cikin Satumba 2025, bisa zargin an hana direbobin sababbin motocin matatar Dangote shiga ƙungiya. Kamfanin ya musa, Gwamnati ta shiga tsakani, aka janye yajin bayan an amince ma'aikaci yana da zaɓi.

Ba Nijeriya kaɗai ke fama da wannan ba. A Amurka kamfanonin sufuri sun daɗe suna koyar da tuƙi da irin wannan ɗauri, ƙorafi ya yi yawa har Jihar Kalifoniya ta kafa dokar da ta taƙaita shi daga 1 ga Janairu 2026. A Ingila kuwa cikin 2021 ƙungiyar masu sufuri ta ƙiyasta ƙarancin direbobi ya kai wajen 100,000, gidajen mai suka ƙafe, dole Gwamnati ta sa kuɗinta wajen koyarwa.

Mai lamuni

Nan ne gizo ke saƙa, nan ne kuma aikin Hakimi ya fi nauyi. Dattijo ya kan ɗauka sa hannunsa shaida ce kurum cewa ya san yaron ɗan mutunci ne. Takardar kuwa cewa ta yi in yaron ya kasa, shi zai biya. A shari'ar Musulunci da ta Gwamnati duka, mai lamuni ana bin sa. Sai a tambaya, lamunin me? Akwai takardar da ta tsaya ga kuɗin koyo, wannan ana iya sanin iyakarsa. Akwai wadda ta ce mai lamuni zai ɗauki ko wace irin hasara da kamfani ya yi ta dalilin direban. Tirela guda tana ɗaukar siminti buhu 600, watau tan 30, tanka tana ɗaukar lita 33,000 ko 45,000, ga kuɗin motar kanta. Wane manomi ne a Rafin Guza, ko mai tebur a kasuwar Kawo, zai iya biyan wannan? Wanda ya sa hannu a irin wannan takarda ya jinginar da gidansa da gadon 'ya'yansa bai sani ba. Hasarar hatsari aikin inshora ne, shi ya sa kamfani ke biyan kuɗinta. Daidai ne mai lamuni ya nemi a rubuta iyakar kuɗin da ya ɗauka da lamba, da ranar da lamuninsa zai ƙare, a kuma ba shi kwafi.

Malamai su tuna akwai doka tun zamanin Turawa mai kare waɗanda ba su iya karatu ba. Wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda, wajibi ne ya sa sunansa da adireshinsa, wannan kuwa shaida ce cewa an karanta masa an fassara masa kafin ya dangwala yatsa. Malamin da ya sa sunansa alhali bai fassara ba ya ɗauki alhaki, yana kuma iya tsayawa gaban alƙali. A fassara da Hausa sala-sala, a gaban shaidu biyu, ko da kamfani na gaggawa. In takarda ta ambaci gona ko gida, a sani cewa bisa Dokar Filaye ta 1978 ba a jinginar da fili sai da iznin Gwamna ko na Ƙaramar Hukuma, gwargwadon irin takardar mallakar. Hatimin Hakimi kuwa a bayyana a rubuce cewa shaidar asali ne kawai, kada wata rana lauya ya ce ofishin Hakimi ya shiga cikin lamuni.

Kamfani shi ma yana da hakki, kada a manta. Yaron da aka kashe wa kuɗi ya karɓi lasin, sa'an nan ya sulale ya koma wani wuri don an ƙara masa ɗan abu, ya ci amana, ya kuma toshe ƙofa ga ƙannensa na unguwa. Haka wanda ke zuƙe man gas ya sayar a hanya, ko ya ɗora fasinja bisa kaya ko bisa shanu don ya sami na kashewa, abin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta hana, ya kuma hallaka mutane da yawa a hanyoyin Arewa. Kafin Hakimi ya shaida yaro, ya aika wa Mai Unguwa ya bincika halinsa, musamman batun shan ƙwaya. Tankar da ta faɗi a Majiya ta Jihar Jigawa cikin Oktoba 2024 ta ci mutum fiye da 150, ta mararrabar Dikko a hanyar Abuja cikin Janairu 2025 ta ci fiye da 80, galibinsu waɗanda suka je kwasar mai. Bayan wannan ne Gwamnati ta hana lodin tanka mai lita 60,000 daga 1 ga Maris 2025. Mutumin da za a danƙa wa irin wannan kaya, shaidar da aka yi masa ba ta alfarma ba ce.

Saura batun ciwo da mutuwa, wanda iyaye ba su son ambata ranar murna. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashi a asusun NSITF, daga nan a ke biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko magadansa. A tambayi kamfani ko ya yi rajista, a tambaya kuma ko ɗan koyo yana ciki tun ranar da ya fara hawa mota, ko sai an tabbatar da shi.

Ko wane ofishin Hakimi ya ajiye littafi dabam don wannan. A rubuta sunan yaro da unguwarsa, da sunan kamfani da inda ofishinsa ya ke, da yawan watannin ɗauri, da kuɗin da aka ambata, da sunan mai lamuni da iyakar abin da ya ɗauka, a maƙala kwafin takardar. Kamfanin da ya ƙi ba da kwafi, ko wanda ya ce a kawo kuɗin fom kafin a ga ofishinsa, a dakatar da hatimi, a tura uban yaro Ofishin Ƙwadago na Tarayya da ke Kaduna da wasiƙar Hakimi a hannunsa.